Mikin da naka ya yi maka: jagorar warkewa mataki-mataki

Akwai wata 'yar gwaggona da aurenta ya mutu shekara 4 da suka wuce. Wata rana da la'asar muna zaune a tsakar gida a Tudun Wadar Kaduna tana yankan alayyahu, sai wani ya tsaya da babur a ƙofar gidan maƙwabta ya kashe. Wuƙar ta suɓuce daga hannunta. Ta miƙe tsaye tana gyara ɗankwali, idonta a kan ƙofa, tana waige-waige ko akwai abin da ba ta kimtsa ba, a tsakar gidan da ma ba nata ba. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ta ce, "Ba komai, gabana ne ya faɗi." Mutumin da take tsoro yana wani gari, har ya sake aure. Ita kuwa ƙarar babur a bakin ƙofa har yanzu tana nufin maigida ya dawo, a shirya wa masifa.

Saboda ita da ire-irenta na zauna rubuta wannan. Zan riƙa cewa "ki" a wani wuri, "ka" a wani, domin ciwon bai ware mace ko namiji ba. Yana kan matar da ta shekara 10 cikin duka da gori, yana kan magidancin da ya tashi a hannun kishiyar uwa ana masa horon yunwa, yana kan 'yar riƙo da agola, da wanda aka kai almajiranci yana ɗan shekara 6 ba wanda ya sake leƙa shi, da wadda wani na cikin gida ya lalata tana ƙarama aka ce ta rufe baki don kada asirin dangi ya tonu.

Abin da ya bambanta wannan rauni da na haɗarin mota ko harin 'yan bindiga shi ne hannun da ya yi shi. Wanda ya kamata ka gudu wurinsa neman ceto, shi ne abin gudun. Kuma ba sau ɗaya aka yi ba, kullum ne, har ya zama kamar iskar gidan. Shi ya sa yake shiga cikin yadda mutum yake kallon kansa da yadda yake zama da mutane.

Likitoci sun san shi. A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a Janairun 2022, an ware masa gurbi, ana ce masa firgici mai sarƙaƙiya. Alamunsa sun haɗa da na firgicin da aka saba sani, wato abin ya riƙa dawo maka a mafarki ko ido biyu kamar yanzu yake faruwa, da gudun duk abin da zai tuna maka, da zama kullum a tsorace. Sai kuma ƙarin uku: zuciya ta ƙi saituwa, ko dai fushi da kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko kuma ta bushe ba ka jin komai, ganin kai a matsayin banza, mai laifi, abin kunya, da kasa sakin jiki da kowa. Wani babban bincike a Amurka da ya shafi manya sama da 17,000, wanda sakamakonsa na farko ya fito a 1998, ya nuna cewa gwargwadon yawan wahalhalun da mutum ya sha a gida yana yaro, gwargwadon ƙaruwar haɗarin kamuwa da ciwon damuwa, shaye-shaye, har da ciwon zuciya idan ya girma. Jiki magayi.

Mu Hausawa muna da kalmar da ta fi dacewa da wannan, wato fami. Miki ne da bai warke ba, ƙaramin abu ya taɓa shi sai ya dawo ɗanye. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, kuma ba wauta ba ce, ƙwaƙwalwarsa ce take ƙoƙarin tsare shi. Aikin warkewa shi ne a koya mata rarrabe maciji da tsumma.

Wata likitar ƙwaƙwalwa a Amurka, Judith Herman, ta tsara wannan aiki zuwa zango uku a 1992: samun aminci, sannan tunawa da makoki, sannan komawa cikin mutane. A kan wannan tsarin na ɗora abin da ke tafe. Abin da nake so ki riƙe shi ne jerin. Mafi yawan waɗanda na ga sun daɗa rikicewa, daga ƙarshe aka sa su faro: aka ce su yafe su koma, alhali ko barcin kirki ba su fara samu ba.

Mataki na farko: a tsayar da abin da ke yin raunin

Ba a ɗinke miki wuƙa na ciki. Kafin komai, ki tambayi kanki: har yanzu ana yi, ko an daina? In an daina, wanda ya cuce ki ya rasu ko kun rabu, to ki wuce mataki na biyu. In ana yi, nan za ki tsaya tukuna.

Akwai alamun da ba a yi musu haƙuri. Idan ya taɓa shaƙe ki, ko ya ɗauko makami, ko ya ce zai kashe ki ko ya kashe kansa, ko ya doke ki kina da ciki, ranki na cikin haɗari ko da washegari ya zo da tsire da ban haƙuri. Ki sani kuma cewa lokacin barin gida da makonnin da ke biye da shi suna daga cikin mafi haɗari, don haka ba a sanar da shi, shiri ake yi a ɓoye. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri wanda ba zai kai masa labari da sunan gyara ba. Ki ajiye a wurinsa katin shaidarki na ɗan ƙasa, katin banki, takardun makaranta, takardun haihuwar yara, da ɗan kuɗin mota. In kina adashi, ki bar kwasarki a hannun uwar adashi har ranar buƙata. Ku yi wata kalma tsakaninku, misali in kin kira kin ce "a aiko min da garin kunun nan", ta san nufinki a zo yanzu. Idan faɗa ya tashi, ki nisanci kicin inda wuƙaƙe suke, ki kusanci ƙofa. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Doka tana gefenki. Dokar hana cin zarafin mutane da ake kira VAPP, Gwamnatin Tarayya ta yi ta a 2015, Jihar Kaduna ta yi tata a 2018, kuma kotu na iya ba da umarnin kariya da zai hana mai cutarwa kusantar ki. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa duk suna karɓar koke a Kaduna. A kotun shari'a ma, mazhabar Malikiyya da muke bi ta yarda alƙali ya raba aure saboda cutarwa, ban da hanyar hul'i. Idan akwai fyaɗe, cibiyoyin Salama, masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, suna asibitin Gwamna Awan a Kakuri, da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Gambo Sawaba a Zariya, da asibitin Patrick Yakowa a Kafanchan. A je da wuri, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72.

Abu ɗaya da zan faɗa ko ba zai yi wa wasu daɗi ba: zaman sulhu da ake tara ku biyu gaban manya, ba ya aiki muddin ana duka. Wadda ke tsoro ba za ta faɗi gaskiya a gabansa ba, in kuma ta faɗa, a gida za ta biya. A saurare ta ita kaɗai tukuna.

Wani aminci kuma daga kanka ne. Idan tunanin kashe kai yana zuwa maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka gaya wa wani yau, a kawar da fiya-fiya, maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a kai ka asibiti a ranar.

Mataki na biyu: kwantar da jiki

Mutane suna ɗauka warkewa da magana take farawa. Da barci da numfashi take farawa. Jikin da ya shekara yana jiran masifa ya saba zuba sinadaran tashin hankali cikin jini, shi ya sa ake fama da bugun zuciya, ciwon kai, ƙullewar ciki, ciwon wuya da kafaɗa, a yi ta zaryar kyamis ana sayen maganin olsa da na maleriya. A je a gwada jini da hawan jini, wannan daidai ne. In an ce ba a ga komai ba, ba ƙarya kike ba, ciwon yana wurin da gwajin jini ba ya kaiwa.

Ga abin da za ki yi a lokacin da aka fama ki. Ki zauna, ki dafa ƙafa biyu a ƙasa sosai. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, ki sake shi a hankali ta baki kina ƙirga 6 ko 8. Sakin ne mai muhimmanci, shi ke rage gudun zuciya. Ki yi kamar sau 10. Sannan ki ambaci abu 5 da idonki ke gani, da sunansu, a fili in da hali: randa, tabarma, igiyar shanya, bokiti, bishiyar darbejiya. Ki gaya wa kanki ranar da wurin: "Yau Talata, ina gidan Gwaggo, ba ya nan." Ruwan sanyi a fuska ma yana saukar da bugun zuciya, kuma mai alwala yana da wannan a hannu sau 5 a rana. A yi ta a natse, a ji sanyin ruwan a fata.

Kada ki jira sai an fama ki kafin ki gwada. Ki riƙa yi safe da dare lokacin da kike lafiya lau, don ranar buƙata jiki ya riga ya san hanya.

Sai ki sami ɗan littafi irin na 'yan makaranta. Duk sanda gabanki ya faɗi, ki rubuta abu uku: me ya faru kafin nan, me kika ji a jiki, me zuciya ta raya miki. 'Yar gwaggona da ta yi mako 3 tana rubutawa, sai ta ga abubuwan da ke fama ta ba su wuce huɗu ba: ƙarar babur, wani turare, namiji ya yi gyaran murya, da mutum ya yi mata shiru. Na ƙarshen ya fi yi mata ciwo, domin tsohon mijin yana iya wata guda yana gaba da ita a ɗaki ɗaya. Kafin ta rubuta, gani take duniya duka abin tsoro ce. Da abin ya zama huɗu, sai ya zama abin da za a iya tunkara. In kina tsoron wani ya karanta, ki rubuta da alamun da ke kaɗai kika gane.

Barci: lokaci ɗaya na kwanciya da tashi, a bar shayi mai ƙarfi, kofi da goro daga la'asar, a ajiye waya nesa da matashi. Tafiyar ƙafa ta minti 30 da safe tana taimakawa, ko a unguwa ko a Dandalin Murtala inda mutane ke motsa jiki. A ci abinci ko ba a jin yunwa.

A nan ne kuma mutane da yawa suke zamewa, maza da mata. Taramol, kodin, baliyam, wiwi, duk suna kashe zafin na ɗan lokaci, sannan su dawo da shi ninki, su ƙara da nasu ciwon. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya yi ɓarna, musamman a Arewa, kuma da yawa cikin matan da suka faɗa masa baƙin cikin gida ne ya tura su. In kin riga kin fara, ba abin ɓoyewa ba ne a gaban likita. Kuma wanda ya daɗe yana shan baliyam kada ya yanke rana ɗaya, yana iya jawo farfaɗiya, likita ne zai rage masa a hankali.

Mataki na uku: zuwa wurin masu ilimin abin

Na san abin da ke tsayawa a maƙogwaro. A Kaduna da an ce "Barnawa", wasu sai su ce asibitin mahaukata. Ranar da na raka 'yar gwaggona, tun daga cikin Keke take jan mayafi tana rufe fuska, muna haye gadar kogi tana cewa, "Ƙanwata, in wani ya gan ni fa?" Da muka zauna a benci, waɗanda ke gefenmu wani dattijo ne da hularsa da carbinsa, da wata mai goyo, da wani saurayi riƙe da jakar makaranta. Ta dube su, ta sassauta mayafin.

Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa shi ne babban wurin wannan aiki a garin. Akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ga wanda Zariya ta fi masa kusa. Wanda bai shirya zuwa can kai tsaye ba, ya fara da likita a asibitin Barau Dikko ko babban asibitin da ke kusa da shi, ya nemi a tura shi. A fita da sassafe, a tafi da kuɗin kati da duk magungunan da ake sha, da ɗan rakiya in zai yiwu.

Ki san waɗanda za ki tarar. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke gano ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti shi ke yin jinyar zama da tattaunawa, kuma shi ne ginshiƙi a wannan ciwo. Ma'aikacin walwala yana taimakawa da abin da ya shafi gida, yara da hukuma. Ki faɗa da bakinki cewa kina son a haɗa ki da masanin halayya, kada ki karɓi ƙwaya kawai ki tafi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, amma ba dole ba ne ki zazzage komai a zaman farko. Ya isa ki ce, "Likita, na sha wahala a hannun wani na kusa da ni shekaru da yawa. Ba na barci, gabana na yawan faɗuwa, abin yana dawo min." In ɗan rakiyarki na cikin waɗanda ba kya so su ji, ki ce a ba ki wuri ke kaɗai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci na a riƙe sirrinsa, a kuma yi masa bayanin jinyar da za a yi masa.

Jinya iri biyu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kansu tun 2013 don ciwon firgici. Ɗaya ita ce CBT mai fuskantar raunin, inda ake bin tunanin da cutarwar ta dasa, irin su "ni na jawo" da "ba wanda zai so ni", ana auna su da hujja, ana kuma tunkarar abin da ake gudu kaɗan-kaɗan. Ɗayar ita ce EMDR, inda kake tuna abin a taƙaice kana bin yatsan mai jinya da ido hagu da dama, har tunanin ya rage zafi. Yawanci ana yin zama 8 zuwa 12, amma wanda rauninsa ya faro tun yarinta yakan buƙaci fiye da haka, wani lokaci watanni masu yawa. Ki tambayi mai jinyar ko ya saba aiki da waɗanda aka ci zarafinsu, da wace hanya zai bi. In ya fara ɗora miki laifi, ko yana matsa miki ki faɗi abin da ba ki shirya ba, kina da damar neman wani.

Magani yana da wurinsa, musamman in akwai ciwon damuwa mai nauyi ko rashin barci. Irin su satralin da fulokzetin sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu sosai, kuma a makon farko wasu kan ji tashin zuciya ko jiri. Kada a yanke don an ji sauƙi, a koma wurin likita. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun farko.

Batun addu'a kuwa, ban ga inda ta yi karo da asibiti ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a nemi magani, kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib har yau Shekarar Baƙin Ciki ake ce mata. Annabi Yaƙub ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari. Don haka duk wanda ya ce miki damuwarki raunin imani ce, bai yi miki adalci ba. Ki yi azkar ɗinki, Kirista ya je wurin fastonsa, a kuma sha magani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duk wurin da za a doke mutum ko a sa masa mari da sunan cire aljani ko gyaran hali. Mutanen garin nan ba su manta da Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Wanda duka ya raunata, duka ba zai warkar da shi ba.

Mataki na huɗu: buɗe mikin, da makoki

Sai barci ya fara daidaita, kin iya kwantar da kanki in an fama ki, kuma kina da wanda za ki kira, sannan ake shiga labarin kansa. Wannan aiki ne na ɗakin jinya, ba na dandalin Facebook ko zauren WhatsApp ba, inda za ki buɗe cikinki mutum 200 su yi ta sharhi, wani ma ya ɗauki hoton maganar ya kai inda ba ki so.

Ki sa ran makonnin farko za su yi nauyi. Mafarkai na iya ƙaruwa, kuka na iya zuwa ba sallama. Ki gaya wa mai jinyar don ya rage gudu, kada ki ɓace. Ranar zama, kada ki ɗora wa kanki wani babban aiki bayansa.

Abin da ya fi fitowa a nan shi ne kunya. An daɗe ana ce miki in ɓera da sata daddawa ma da wari, har kin karɓa. Gwaji ɗaya da ke taimakawa: ki kalli yarinya mai shekarun da kike da su lokacin da abin ya faru, 'yar ƙanwarki ko 'yar maƙwabta, ki tambayi kanki ko za ki ce ita ta jawo. Bayan kunya sai makoki, na uwar da ba ta rungume ka ba, na ƙuruciyar da ta tafi a tsorace, na shekarun auren da ba za su dawo ba. Ba wanda zai zo miki gaisuwar wannan rashin, amma rashi ne, kuma yana da haƙƙin hawaye. Maza sun fi shan wuya a nan, domin tun suna yara aka ce musu namiji ba ya kuka, sai abin ya koma fushi a kan mata da 'ya'ya.

Mataki na biyar: komawa cikin mutane

Raunin da ya zo ta hannun mutane, da mutane ake ƙarasa jinyarsa, kuma nan ne aikin ya fi tsawo. Ana farawa da kaɗan. Ka ba mutum ƙaramin sirri ka ga ko zai riƙe. Ka ce "a'a" a kan ƙaramin abu ka ga yadda zai ɗauka. Wanda ya karɓi "a'a" ɗinka ba tare da gaba ko gori ba, a ƙara matsowa. Islamiyya, ƙungiyar mata a coci, ajin koyon ɗinki, majalisar abokai ta kirki, duk wurare ne na sake koyon zama.

Mai wuyar ita ce dangi. A wurinmu ba a cewa na yanke uwata ko ubana, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma yawancin masu wannan ciwo ba yankewar suke so ba, so suke a daina fama su. Zumunci yana da awo. Kana iya gaishe da mahaifinka duk Juma'a, ka aika da cefane, ka biya kuɗin magani, ba tare da ka zauna awa 3 ana ci maka mutunci ba. Ka je da rana ka dawo, kada ka kwana. Ka je da wani. Ka shirya kalmominka tun daga gida, masu ladabi kuma gajeru: "Baba, Allah ya huci zuciyarka, wannan maganar ba zan iya ta yau ba, zan dawo jibi in sha Allahu." Ko, "Umma, ki yi haƙuri, in aka kawo zancensa tashi zan yi." Sannan in an kawo, ka tashi ɗin, cikin ladabi. Karon farko za a ce ka canza, ka yi girman kai. Jikinka zai yi rawa, za ka ji kamar ka yi babban zunubi. Ka yi numfashin nan, ka bar kwana biyu su wuce kafin ka yanke hukunci a kan kanka.

Yafiya kuma, a bar wa mai ciwo lokacinta. Alheri ce babba in ta fito daga zuciya, amma wadda aka matsa aka karɓa a gaban taro ba ta sauke komai. Kuma yafewa daban, komawa daban. Kina iya yafe wa mutum tsakaninki da Allah, ki kuma ƙi sake ba shi makullin ɗakinki. Wanda ya taɓa yara kuwa, ko an yafe masa ba a sake barin sa da yaro.

Ga bazawara, da idda ta cika za a fara "zaman me kike yi?" Kada wannan ya tura ki. Ki lura da mai neman: yaya yake in kin saɓa masa, yaya yake maganar matar da ya saka, yana ƙoƙarin raba ki da 'yan uwanki da wayarki tun kafin a ɗaura? Wanda ya tashi cikin tashin hankali yakan ji mutum mai sanyin hali kamar ba shi da armashi, ya ji mai zafi kamar shi ne so. Wannan ma abin kai wa ɗakin jinya ne.

In kina da yara, wata rana za ki ji muryar wanda ya cuce ki tana fita daga bakinki a kansu. Ki tsaya, ki fita tsakar gida, ki wanke fuska. In kin huce ki kira yaron ki ce, "Zo nan, ɗana. Tsawar da na yi maka ta yi yawa, ba laifinka ba ne." A al'adarmu babba ba ya saurin ba yaro haƙuri, amma wannan jimla ita ce abin da ke da kanki ba a taɓa gaya miki ba.

Fami zai dawo, musamman lokacin Sallah, biki ko rasuwa, inda dole a haɗu da waɗanda ake gudu. Kafin ranar, ki tsara awa nawa za ki yi, wa zai zauna kusa da ke, da me za ki ce in za ki tafi. In kin ga kwana 14 sun wuce barci bai dawo ba, ko abinci ya fita ranki, ko tunanin mutuwa ya leƙo, ki koma asibiti ko ranar da aka ba ki ba ta yi ba.

'Yar gwaggona tana wata na 14 da fara zuwa asibiti. Har yanzu in namiji ya yi gyaran murya a bayanta kafaɗarta takan ɗaga. A ƙaramar Sallar da ta wuce ta je gidan kawunmu, wanda shi ya mayar da ita ɗakin mijin har sau uku, ta gaishe shi, ta ci tuwo, ta yi awa ɗaya. Da ya fara cewa, "Ai da kin yi haƙuri," sai ta ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, zan wuce kafin magariba." Ta ɗauki jakarta, muka fito tare muka tari Keke.